Wasiƙun jakadun Fafaroma: shaidar tarihi ce ko tsegumin fada?

Ɗalibar_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malaman tarihin da ke cikinmu. Ina digiri na biyu, kuma a darasin tarihin Turai na ƙarni na 16 zuwa na 18 an ba mu aiki a kan wasiƙun da jakadun Fafaroma suka riƙa aikawa Roma daga fadojin sarakuna. Kwana huɗu ke nan ina fama da waɗanda aka fassara, har yanzu zuciyata ba ta kwanta da su ba. Mai rubutun nan baƙo ne, galibi ɗan Italiya, sau da yawa ba ya jin harshen ƙasar da aka tura shi. Ba ya zama da talaka. Rabin mutanen ƙasar ɓatattu yake ganinsu don sun bar Katolika. Wanda yake rubuta wa kuma shi ne ubangidansa, mai ɗaga shi ko ya sauke shi. To ta yaya za a ɗora tarihin nahiya guda a kan maganar mutum irin wannan? Me Turawa suka gani a ciki da suka shafe sama da shekara ɗari suna buga su kundi bayan kundi? Don Allah a warware mini.

Na_Gwale:
Wa alaikumus salam. Kafin malamai su iso, ni a fara fahimtar da ni. Jakadan Fafaroma irin wanda muke ji yana Abuja? Na ɗauka aikinsa na coci ne zalla.

Ɗan_Katikis:
Shi ne, Na_Gwale. Nunsiyo ake ce masa. Aiki biyu ke wuyansa: jakada ne a gaban gwamnatin ƙasa kamar kowane jakada, sannan shi ne idon Fafaroma a kan cocin ƙasar. Ko yau in za a naɗa bishop, shi ke bincike ya aika sunaye Roma. A zamanin da ƙanwarmu ke magana kuma akwai na uku, don Fafaroma sarki ne mai ƙasa a tsakiyar Italiya, da sojoji da haraji.

Malam_Ɗanjamus:
Malama Ɗaliba, duk aibun da kika lissafa gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Bari in faɗa miki abin da ya sa duk da haka ba a iya barinsu.

A da Fafaroma kan tura wakili don aiki ɗaya, ya je ya gama ya dawo. Daga wajen shekarar 1500 aka fara ajiye jakada zaunanne. Birnin Benis na Italiya na cikin na farko, sai Sifaniya da Faransa da fadar Ƙaisar, wato sarkin daular Jamusawa na gidan Habsburg. Fafaroma Gregory na 13, wanda ya yi mulki daga 1572 zuwa 1585, ya faɗaɗa abin saboda rikicin Furotesta, wato Kiristocin da suka ɓalle daga Katolika: Graz a 1580, Kolon a 1584. Bayansa aka kafa na Luzern a 1586 da na Brussels a 1596. Kowannensu ana sa ran ya rubuto duk mako. A ƙunshi guda za ki tarar da wasiƙa a buɗe, da takardar da aka rubuta da lambobin sirri, da wata ta labaran gari da na maƙwabta. Ki auna: jakadu goma da ɗoriya, kowane mako, shekara da shekaru, duk yana kwarara ofishi ɗaya. Sarki ya yi zazzaɓi yana ciki, an kori waziri yana ciki, annoba ta shiga gari yana ciki, wani littafi ya fito kasuwa yana ciki. Mai tarihi ba abin da yake nema kamar jerin da bai yanke ba.

Ga misali. A taron Worms na 1521, inda aka gurfanar da Martin Luther, malamin da ya fara tafiyar Furotesta, gaban Ƙaisar Charles na 5, jakadan Fafaroma shi ne Girolamo Aleandro. Tun a watan Fabrairu ya rubuta wa Roma cewa kashi tara cikin goma na Jamusawa sunan Luther suke kira, ragowar kashi ɗayan kuma mutuwa suke kira wa fadar Roma. Ya ba da labarin yadda ake sayar da hotunan Luther da aka buga, mutane na saye har suna sumbata. Wannan maƙiyin Luther ne yake faɗa, a asirce, ga mutanen da ba sa son jin haka.

Ɗalibar_Tarihi:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma misalin nan kamar ni yake taimaka wa. Kashi tara cikin goma, wa ya ƙirga masa? Mutum ne a tsorace a garin da ake zaginsa a titi. Kuma shi ne ya tsara dokar da aka haramta Luther da ita, ashe kuwa yana da dalilin kambama haɗarin don a ga ƙoƙarinsa.

Malam_Ɗanjamus:
Ba wanda ya ƙirga, kuma duk wanda ya ɗauki maganar a matsayin ƙididdiga ya yi kuskure. Abin da take tabbatarwa shi ne tun farkon 1521 an gaya wa Roma cewa abin ya fi ƙarfin malami ɗaya mai taurin kai. Wa ya sani, yaushe ya sani, me ya yi da sanin: nan ne wasiƙun ba su da na biyu.

Tsohon_Akawu:
Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ba tarihi na karanta ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina rubuta rahoton wata-wata a wata ma'aikata, daga reshe zuwa hedikwata. 'Yata Ɗaliba, abin da kike zargi na san shi a hannuna. Aiki ya tsaya cak wata uku, sai in rubuta "an samu ɗan tsaiko". Na taɓa rubuta gaskiya tsirara a kan wata kwangila, shugabana ya dawo mini da takardar, ya ja jan biro a layi huɗu, ya ce in sake. Na sake. Amma ko a wanda na sake, kwanan watan daidai ne, adadin buhunan siminti daidai ne, sunan garin daidai ne. Ƙarya ba ta shiga nan, don ana iya kama ka. Inda take shiga shi ne wajen "laifin wa" da "ƙoƙarin wa". Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kin samu rahoton mutum, ki raba shi gida biyu haka, ki ga abin da zai rage.

Hajiya_Ma'adana:
Baba Akawu, wannan magana taka ta fi lacca guda. Haka muke gaya wa ɗalibai masu zuwa karanta rahotannin Turawan mulki a Kaduna. Di'o bai san zuciyar mutanen gunduma ba, amma ya san nawa aka tara na jangali a shekarar.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ta ɓangaren Faransa na san wannan magana, don ita aka fi koya mana a jami'a. Ku duba kisan ranar Saint-Barthélemy a Paris. Ran 18 ga Agusta 1572 aka ɗaura auren Henri na Navarre, ɗan Furotesta, da Marguerite ƙanwar sarki Charles na 9, manyan Furotesta duk sun hallara a birni. Ran 22 aka harbi jagoransu Coligny, ya ji rauni bai mutu ba. Daren 24 aka fara yanka, dubbai suka hallaka a Paris da sauran garuruwa.

Tambayar da aka shekara ɗaruruwa ana yi: an daɗe da ƙulla abin, auren ma tarko ne? Ko kuwa tsoro ne ya kama fada bayan harbin bai yi nasara ba? Jakadan Fafaroma a lokacin, Anton Maria Salviati, ɗan'uwan uwar sarki ne Catherine de Médicis, jini ɗaya ta wajen gidan Medici. A takardunsa na sirri ya nuna hannun uwar sarki a harbin Coligny, ya kuma nuna cewa da Coligny ya mutu nan take, da ba a kai ga sauran ba. A Roma kuwa a daidai lokacin, Kadinal na Lorraine, wani babban limamin Faransa, yana baza cewa dabara ce da aka daɗe da shiryawa. To ga jakada yana faɗa wa iyayen gidansa abin da ya rage wa labarin armashi a wurinsu. In don neman yabo kawai yake rubutu, me ya kai shi?

Mai_Tantama:
Ɗan_Damagaram, Salviati yana ɗakin da aka yanke shawarar? Ba ya nan. Ji ya yi, kuma a fada kowa na da wanda yake so a ɗora wa laifi. Masanan Faransa na baya-bayan nan da dama ba su yarda Catherine ce ta sa a harbi Coligny ba, wasu gidan Guise, manyan Katolikan Faransa, suke nunawa, wasu har Sifaniya. Ka ga ashe babban mashaidin naka ma ana ja da shi.

Ɗan_Damagaram:
Ana ja da shi, ban musa ba. Amma duk mai ja sai ya fara bi ta kansa, ya faɗi dalilin da ya sa bai yarda da shi ba. Ba wanda ya isa ya tsallake shi.

Ɗan_Katikis:
Tunda an taɓo nan, gara ni in faɗa da bakina. Da labarin ya isa Roma a farkon Satumba, murna aka yi. Gregory na 13 ya sa an yi addu'ar godiya, an buga lambar tunawa da kisan, an sa mai zane Vasari ya zana shi a bangon fada. Ni ɗan cocin nan ne, kuma abin yana mini ciwo duk lokacin da na tuna. Amma na fi son takardun su kasance a buɗe a karanta, da a ce an ƙone su don rufa asiri.

Na_Gwale:
Allah ya saka maka da faɗin gaskiya. Amma ni na ji ana cewa ma'ajiyar takardun Batikan ta sirri ce, ba mai shiga.

Malam_Ɗanjamus:
Sunan ne ya ruɗi mutane. Kalmar Latin ɗin da aka fassara da "sirri" nufinta na ƙashin kan Fafaroma, kamar a ce taskar sarki. Saboda wannan ruɗanin Fafaroma Francis ya sauya sunan a 2019. Paul na 5 ne ya kafa ta a 1612. Napoleon ya kwashe ta zuwa Paris a 1810, aka dawo da ita bayan faɗuwarsa, wasu takardun suka salwanta, har da waɗanda aka sayar a matsayin tsohuwar takarda don rage kuɗin dako. Leo na 13 ya buɗe ta ga masu bincike a 1881, nan take ƙasashen Turai suka yi ta kafa cibiyoyin tarihi a Roma. Jamusawa suka fara buga rahotannin jakadun ƙasarsu a 1892, kuma har yanzu aikin bai ƙare ba. Faransawa suka fara nasu jerin a 1961, 'yan Folan a 1990.

Na yi mako shida a can lokacin da nake rubuta kundina. Sai da takardar shaida daga jami'a, kundi kaɗan ake ba ka a rana, fensir kaɗai ake yarda ka riƙe. Ranar farko aka ajiye mini wani ƙaton kundi mai bangon fata, na buɗe, tawadar ta ci takardar a wasu wurare har haske na ratsawa ta cikin haruffa. Na yi awa biyu a kan shafi ɗaya kafin idona ya saba da hannun magatakardan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan rubutun da ke saman takardun sirri: ranar da jakada ya rubuta, da ranar da aka warware lambobin a Roma. Tsakanin kwanakin nan biyu kana ganin makonnin da Fafaroma ya yi yana yanke hukunci a kan labarin da ya riga ya tsufa.

Binta_Lissafi:
Malam, lambobin sirrin nan kamar zaurance ne? Yaya suke yi?

Malam_Ɗanjamus:
Zaurance ne na alƙalami. Kowane harafi ana ba shi lamba, wani ma biyu ko uku don kada a gane shi ta yawan maimaituwa. Sunaye irin su sarkin Faransa ko Ƙaisar suna da lambarsu daban. Sai a cusa lambobin banza a tsakani don ɓad da sawu. A ƙarshen ƙarni na 16 akwai gida guda, Argenti, da suka riƙe ofishin: Giovanni Battista, sai ɗan ɗan'uwansa Matteo. Dole a yi haka, don a hanya ana buɗe jakar masinja. Shi ya sa in kin ga wasiƙar buɗe tana yabon wani waziri, ki nemi ta sirrin da aka aiko rana ɗaya kafin ki yarda.

Sarkin_Yaƙin_Zaure:
Ni fa ban ga abin da ya haɗa mu da wannan ba. Takardun kakanninmu na can gara na ci a cikin adaka, mu kuma muna nan muna tattauna wasiƙun limaman Italiya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, a bar wa Turawa tarihinsu.

Hajiya_Ma'adana:
Maganar gara gaskiya ce, ni na fi ka jin zafinta don da hannuna nake ɗaga takardar da ta zama gari. Amma kada ka ce ba abin da ya haɗa mu. A 1710 wasu limaman ɗariƙar Faransiskan biyu, shugabansu Carlo Maria na Genoa, suka taso daga Tarabulus suna neman Borno, don an ba su labarin wai akwai Kirista a ƙasar Kwararrafa. Suka bi ta Fazzan, suka sauka Agadas, suka ƙarasa Katsina, a nan ciwo ya kashe su a 1711. Daga takardun Roma masani Richard Gray ya tono labarin ya buga a 1967. Hanyar ayari, wa ke iko da ita, me ake faɗa a Tarabulus game da ƙasashenmu a farkon ƙarni na 18, duk akwai ɗan haske a ciki.

Malam_Ɗanjamus:
Hajiya, ƙaramin gyara don kada ɗalibarmu ta cakuɗa a aikinta. Waɗannan takardun ba na jakadu ba ne, na ofishin yaɗa addini ne da Gregory na 15 ya kafa a 1622, wanda ake kira Propaganda Fide, kuma ma'ajiyarsa daban take. Sai dai suna haɗuwa. A 1684 wani baƙar fata mai suna Lourenço da Silva de Mendouça ya kai ƙara Roma a kan azabar da ake gana wa bayi a cinikin tekun Atlantika. Ofishin nan ya rubuta wa jakadun Fafaroma na Madrid da Lisbon su yi wa sarakunan magana. A 1686 Roma ta yi hukuncin da ya la'anci abubuwa da yawa na cinikin, jiragen kuwa ba su fasa tashi ba.

Hajiya_Ma'adana:
Na karɓi gyara, Malam. Na gode.

Abu_Ammar:
Ni damuwata daban ce. Jakadun nan ai su ne suka yi ta haɗa kan Turai a kan Daular Usmaniyya. Me Musulmi zai samu a takardun da daga farko har ƙarshe maƙiyi suke kiransa?

Na_Gwale:
Daular Usmaniyya kuma? Ai Shehu a 1804 ya fara jihadi, ina suka haɗu?

Abu_Ammar:
Ba ta Sakkwato ba, ɗan'uwa. Ta Turkawa, mai hedikwata a Santambul.

Ɗan_Damagaram:
Abu_Ammar, abin da za ka samu shi ne yadda aka ƙulla abin daga ciki, wanda marubutan Santambul ba su gani ba. Ɗauki 1683, da waziri Kara Mustafa ya yi wa Biyana, birnin Ƙaisar, ƙawanya. Kafin ya iso, Fafaroma Innocent na 11 yana da Francesco Buonvisi a fadar Ƙaisar Leopold, yana da Opizio Pallavicini a Folan. Su suka yi ta kai gwauro suna kai mari har aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Leopold da sarkin Folan Jan Sobieski a ƙarshen Maris, da alkawarin kuɗin Roma a bayanta. Ran 12 ga Satumba Sobieski ya sauko da dawakai aka karya ƙawanyar. In ka bi wasiƙun za ka ga Turai ba tsintsiya ɗaya ba ce. Louis na 14 na Faransa, Katolika ne, bai aika ko soja ɗaya ba, mutanensa ma a Folan ƙoƙarin wargaza ƙawancen suke. Furotestan Hangari ƙarƙashin Thököly kuwa suna tare da Turkawa. Wanda ya ɗauka yaƙin Kirista da Musulmi ne kawai, takardun Fafaroma da kansu za su gyara masa zama.

Abu_Ammar:
To na ji wannan. Amma sharaɗina a haɗa da na Turkawan. Su ma suna da rajistar umarnin fada, a cikinta ma aka samu amsar da Sultan Murad na 3 ya aika wa Mai Idris Alauma na Borno a 1577. Kada a ji ta bakin mutum ɗaya a yanke shari'a.

Hajiya_Ma'adana:
Ko a gida haka ne. Muhawarar Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi a kan halaccin yaƙar Borno, yawancinmu a Infaƙul Maisuri muka karanta ta, wato hujjar al-Kanemi ta hannun abokin jayayyarsa ta iso mana. Ba mu yar da littafin ba saboda haka. Muna karantawa ne muna sane da wanda ya riƙe alƙalamin.

Mai_Tantama:
Mu koma kan tambayar yarinyar nan, don an yi nisa. Ni har yanzu ina ganin an fi ƙarfin darajar takardun. Ga Fabio Chigi, jakadan Fafaroma a Kolon, wanda ya zauna a Münster ta Jamus daga 1644 yana sulhunta yaƙin shekara talatin. Mutumin nan bai yarda ya yi hulɗa da wakilan Furotesta kai tsaye ba, sai Contarini, jakadan Benis, ke shiga inda shi ba ya shiga. Tattaunawa da Suwidin ma a Osnabrück aka yi ta, ba ya wurin. Aka sa hannu a 1648, Chigi ya yi bore, Innocent na 10 ya fitar da takardar soke sharuɗɗan da suka taɓa coci, ba wanda ya waiwaye shi. Daga nan sarakuna suka riƙa sulhunsu ba Fafaroma. Kuma ina jakada a Landan bayan sarki Henry na 8 ya ɓalle daga Roma? Ina na Suwidin, ina na Holan? Rabin Turai babu shi a jerin da Malam ke yabo.

Malam_Ɗanjamus:
Ramin nan na arewa gaskiya ne, labarin Ingila galibi ta Brussels da Paris yake zuwa, ji-ta-ji-ta. Na kuma yarda bayan 1648 nauyinsu a babbar siyasa ya ragu. Inda ban bi ka ba: wanda aka ture gefe bai daina gani ba. Chigi shekara huɗu takardun Faransa da na Ƙaisar da na Sifaniya suna bi ta hannunsa, yana rubuta wa ya zo, me ya ce, me aka mayar masa. Har kukan ruwan saman Münster da baƙin burodinsu ya bari a rubuce. Kuma wannan Chigi shi ya zama Fafaroma Alexander na 7 a 1655. Urban na 8 ya yi jakada a Paris, Innocent na 10 a Madrid, Innocent na 12 a Folan da Biyana. In kana son sanin inda masu mulkin Roma suka samo ra'ayinsu a kan sauran al'ummai, a waɗannan shekarun ne.

Tsohon_Akawu:
Ashe dai kujera ake nema. Shi ya sa na ce a lura da wurin "ƙoƙarin wa".

Malam_Ɗanjamus:
Sosai, Baba. Jar hular kadinal ita ce ladan da kowa ke hange, kuma kuskure na iya kashe mutum. Baldassare Castiglione yana jakada a Sifaniya sojojin Charles na 5 suka wawashe Roma a 1527. Clement na 7 ya zarge shi da rashin hango abin, ya rubuta doguwar wasiƙar kare kai, bai sake ganin Italiya ba, ya rasu a Toledo a 1529. Akwai kuma wani abu: wasiƙun ga ɗan ɗan'uwan Fafaroma ake aika su, wanda shi ne kamar waziri. In Fafaroma ya mutu sai danginsa su kwashe takardun zuwa gidansu kamar gado. Na gidan Borghese da Barberini da Chigi sai daga baya Batikan ta same su. Na gidan Farnese da yawa suka ƙare a Naples, kuma a ƙarshen Satumba 1943 sojojin Jamus suka cinna wa gidan da aka ɓoye takardun Naples wuta. Wasu wasiƙun yau ba su da sauran asali sai abin da masu bincike suka kwafa suka buga kafin gobarar. Kin ji amsar tambayarki ta biyu, Malama, ta me ya sa ake buga su.

Binta_Lissafi:
Sarkin_Yaƙin_Zaure, ka ji. Abin da ya kamata mu yi wa namu na cikin adaka ke nan tun gara ba ta gama ba.

Sarkin_Yaƙin_Zaure:
A nan kam ba ni da ja.

Ɗalibar_Tarihi:
Jama'a na gode ƙwarai. Wata matsala kuma: na ga wani abu guda, littafin Ingila ya ba shi kwanan wata daban, wasiƙar jakada ta ba shi daban, bambancin kwana goma. Kuskuren bugu ne?

Ɗan_Katikis:
Ba kuskure ba ne, ƙanwata. Gregory na 13 ya gyara kalanda a 1582, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15. Ƙasashen Katolika suka bi, Furotesta suka ƙi. Na Jamus sai 1700, Ingila sai 1752. Duk abin da ya faɗo tsakani, ki duba wace kalanda marubucin ke bi.

Ɗalibar_Tarihi:
Allah ya saka. To ga inda na tsaya. Na yarda sun yi amfani wajen sanin wa ya san me, kuma yaushe. Amma manomi fa? Mace fa, in ba sarauniya ba? Har yanzu ban ji muryarsu ba. Ina tunanin in juya aikin nawa, in rubuta a kan su jakadun kansu, yadda suke kallon baƙin ƙasa. Na ci karo da Pietro Paolo Vergerio, jakadan Fafaroma wanda ya zauna da Luther a Wittenberg a 1535 ya rubuto wa Roma yana aibata shi, bayan shekara goma sha huɗu kuma shi da kansa ya gudu ya koma Furotesta. Ina so in san wanne ne shi na gaskiya.

Malam_Ɗanjamus:
Batu ne mai kyau, kuma masana da yawa yanzu can suka karkata. Sai dai kada ki yanke ƙauna da talaka tukuna. Daga ƙarshen ƙarni na 16, in za a naɗa bishop, jakada kan kira shaidu ya yi musu tambayoyi a rubuce: garin nawa ne girmansa, gidaje nawa, cocin ya lalace ko yana tsaye, nawa ƙasar ke kawowa, akwai makaranta, akwai asibiti. Amsoshin suna nan, gari bayan gari. Ba muryar manomi ba ce, amma gonarsa da harajinsa suna ciki.

Mai_Tantama:
Shaidun nan ma ai limamai ne da 'yan fada, kuma wanda ake so a naɗa galibi shi ya san su. Ni ban sauka daga inda nake ba.

Tsohon_Akawu:
'Yata, in za ki bi Vergerio ɗin nan, kada ki karanta nasa kaɗai. Ki nemi takardar umarnin da aka ba shi ranar da zai tashi, da amsoshin da ake mayar masa daga Roma. Ni duk rahoton da na taɓa rubutawa, amsar wata takarda ce da ta riga ta zo daga sama. Malam Ɗanjamus, waɗannan ma an buga su, ko sai ta je can?

Malam_Ɗanjamus:
Na Vergerio yana cikin kundin farko na jerin Jamusawa, na 1892, tare da abin da aka samu na wasiƙun da aka aika masa. Wasiƙun da Italiyanci suke, bayanin edita da Jamusanci. Malama, ki turo mini shafukan ganawarsa da Luther in kin same su, mu bi su layi-layi ran Asabar bayan la'asar.